Yadda muka yi da yaren asambili, da amsar da nake ba ƙannena masu tambaya ko su fara da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan duk wanda ya san aikina rubuta manhaja ne, kuma ya ji ina taɓa ƙananan na'urori, sai ya yi mun wannan tambayar, musamman ƙannenmu da suka shigo harkar kwanan nan: wai dole ne sai mutum ya koyi asambili, yaren kwamfuta mafi kusa da abin da na'urar kanta take ji, kafin a kira shi furogirama, wato mai rubuta manhaja? Wasu ma a tsorace suke tambayar, don an riga an faɗa musu wai duk wanda bai iya shi ba ɗan kallo ne kawai. Na gaji da ba da amsa a gutsure shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance da ni tun daga farko, mai amfana ya amfana.

Amsata dai tun yanzu ita ce kar ka fara da shi, amma kuma kar ka yarda ka daɗe a harkar nan ba ka iya karanta shi ba. Karantawa fa nace, rubutawa wannan wata magana ce daban.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, furosesar da ke cikin kwamfutarka ko wayarka, wato ƙwaƙwalwar da take gudanar da umarni, ba ta san yarukan da muke rubuta manhaja da su ba, ba ta san Python ba, ba ta san Java ba, kai ko C ma ba ta sani ba. Lambobi kawai take karɓa, kowace lamba umarni ce, ɗauko wannan, haɗa shi da wancan, kwatanta su, in sun zo daidai tsallaka zuwa wuri kaza. To asambili shi ne aka ba waɗannan lambobin gajerun sunaye don ɗan adam ya iya rubutawa, irin su mov da add da cmp da jmp, kusan duk layi ɗaya umarni ɗaya ne. Babu if babu for, wato kalmomin sharaɗi da maimaitawa na sauran yaruka, sai wasu 'yan ƙananan ma'ajiyoyi a cikin furosesar da ake ce ma rajista, sai kuma memori wanda kowane bayit a cikinsa, wato ɗan gurbin ajiye bayani, yana da nasa adireshin. Tun 1947 Kathleen Booth ta fara tsara irin wannan rubutun a Landan, kenan ya girmi kusan duk wani yaren kwamfuta da ka sani.

Ni a makaranta na fara haɗuwa da shi, kuma a lokacin ban taɓa rubuta wata manhaja da ta yi aiki a gabana ba ko guda. Darasin a kan Intel 8086 ne, furosesar da ta fito a 1978, kuma kusan duk a allo da takarda aka yi shi. Malam ya zana akwatuna huɗu ya rubuta AX, BX, CX, DX, yace kowace bit 16 ce, bit kuwa shi ne gurbin da yake ɗaukar 0 ko 1, kuma ana iya raba ta gida biyu, AH da AL, haka dai. Sai aka ba mu yadda ake fitar da rubutu a sikirin: ka sa adireshin rubutun a DX, ka rubuta MOV AH, 09h, sai INT 21h, kuma dole rubutun ya ƙare da alamar $ in ba haka ba ta ci gaba da zubo shirme. In za ka fita kuma 4Ch za ka sa a AH ka sake kiran INT 21h ɗin. Wallahi har yau ina iya kawo su da ka, don na haddace su tsaf kuma na ci jarabawa da su, amma da za ka tare ni a ƙofar aji ka ce me yasa 09, waye yake amsa wannan INT ɗin, ina rubutun yake zaune kafin a fitar da shi, sai dai in yi maka shiru. Da aka zo kan lissafin adireshi kuwa, wai ka ninka lambar sashe da 16 sannan ka haɗa da tazarar da ke cikinsa don ka samu adireshi mai bit 20, nan ne kaina ya ɗau zafi gaba ɗaya. Babu wanda yace mana an yi wannan dabarar ne don rajista mai bit 16 ba za ta iya nuna fiye da bayit 65,536 ba alhali ana so a kai megabayit ɗaya. Ko da an faɗa ma ban jin zai shige ni a lokacin, tunda ban taɓa rubuta abin da memori ya yi masa kaɗan ba balle in san zafin abin.

Ban ga laifin malamin ba, abin da aka tsara masa ya koyar. Amma abin da darasin ya bari a zuciyata shi ne wannan harkar ta masu wata irin ƙwaƙwalwa ce ta daban, ni ba na ciki. Kuma ba ni kaɗai ba, akwai abokan karatuna masu kaifin basira, wasu sun fi ni nesa ba kusa ba, da suka rufe babin kwamfuta daga wannan zangon ba su sake waiwayarta ba. Wannan abin yana damuna har gobe. Yanzu da na waiwaya na gane matsalar, an ba mu amsoshi ne tun ba mu da tambayoyin. Kamar a ɗauki yaron da bai fara magana ba a zaunar da shi ana koya masa nahawu.

Abin da ya dawo da ni Python ne. Wani da yake gaba da mu ya ga ina fama da wasu fayiloli masu yawa ina canza musu suna ɗaya bayan ɗaya, yace ƙanena kawo in nuna maka wani abu, ya rubuta 'yan layuka da ba su cika tafin hannu ba ya danna, kafin in ƙifta ido aikin ya ƙare. Ranar ban yi barci da wuri ba. Daga nan na shiga rubuta 'yan ƙananan abubuwa, mai lissafa maki, mai tace lambobin da suka maimaitu a jeri, mai ɗauko bayanai daga intanet ya zuba a tebur, ko wanne in ya yi aiki sai in ji kamar an mun kyauta. A nan na koyi ainihin abin da ake kira rubuta manhaja, wato ka ɗauki matsala babba ka farfasa ta ƙanana, ka san inda za ka maimaita da inda za ka yanke hukunci, ka iya karanta saƙon kuskure ba tare da gabanka ya faɗi ba, ka dawo kan abin da ka rubuta watan jiya ka gane shi. Wannan shi ne tushe a wurina, kuma asambili ba ya koyar da shi da sauri, don kafin ka kai ga tunanin matsalar kanta ka riga ka gaji da lissafin wace rajista ce babu kowa a cikinta.

A wannan lokacin in aka yi maganar asambili cewa nake zamaninsa ya wuce, kuma masu wannan ra'ayin suna da hujja mai ƙarfi. Tun 1957 John Backus da mutanensa a IBM suka fito da Fortran don dai a hutar da mutane daga wannan wahalar. Unix kanta, manhajar da take tafiyar da kwamfuta, da asambili Ken Thompson ya fara rubuta ta a 1969, amma zuwa 1973 sun sake rubuta yawancinta da C wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira, kuma wannan ne ya sa aka iya ɗaukarta daga wata na'ura zuwa wata. Kenan manyan da suka fi kowa iya asambili su ne suka fara neman hanyar rage shi.

Sai dai akwai wasu abubuwa da suka riƙa tsaya mun a wuya. A Python in na ce b = a alhali a jeri ne, sai in canza b in ga a ma ya canza, an ce mun ai abu ɗaya suke nunawa, na karɓa amma ban gani ba. Da na shiga C kuma sai ga foyinta, kowa yana cewa foyinta adireshi ce kawai, nima ina maimaitawa, amma da zarar an sa tauraro biyu ko an ce in mayar da foyinta daga cikin fankishin, wato guntun manhaja mai suna da ake kira ya yi wani aiki, sai in koma canki-canki, in sa alama in cire har kwamfaila, manhajar da take fassara C zuwa umarnin furosesa, ta daina ƙorafi. Manhaja ta mutu da saƙon kuskuren segmentation fault, in canza wani layi da bai shafe ta ba ta tashi, ban san dalilin mutuwar ba ban san dalilin tashin ba. Ana iya rayuwa a haka fa, mutane da yawa suna yi, amma ni raina bai kwanta ba.

Inda komai ya juya shi ne lokacin da na samu aiki a wani wuri da ake haɗa ƙananan na'urori masu auna abubuwa suna tura bayani. Aka damƙa mun wata na'ura da wani ya rubuta kod ɗinta, wato rubutun manhajarta, kafin in zo, an gina ta a kan ATmega328P, cif ɗin nan da ke kan Arduino Uno, ɗan allon da ake haɗa ƙananan na'urori da shi, mai gudun megahaz 16, filash, wato ma'ajiyar da manhajar take zama, kilobayit 32, memorin aiki kuma kilobayit 2 kacal, bayit 2,048 kenan. Matsalarta ita ce tana cikin aiki lafiya lau sai kawai ta koma farko kamar an kashe an kunna, babu saƙon kuskure babu komai, wani lokacin ta jima wani lokacin nan da nan. An canza waya, an canza abin ba da wuta, an canza cif ɗin ma, shiru. Na karanta kod ɗin C ɗin daga sama har ƙasa na sake karantawa, kuma gaskiya wanda ya rubuta ya iya aikinsa, ban ga layi ɗaya da zan nuna in ce ga ɓarakar ba.

Akwai wani dattijon injiniya a wurin, oga muke ce masa, mutum ne mara yawan magana. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni yace buɗe mana abin da kwamfaila ta fitar mu gani. Ya sa na kira avr-objdump, manhajar da take nuna asambilin da ke cikin fayil, a kan fayil ɗin, sikirin ya cika da irin rubutun da na gudu na bari a makaranta, gabana har ya faɗi. Yace kwantar da hankalinka ba duka za mu karanta ba, nemo mun fankishin ɗin da yake haɗa saƙon da ake turawa. Na nemo. Ya sa biro a kan layukan farko, push r28, push r29, sai layi biyu da suke ɗauko inda sitak ya tsaya, sitak kuwa shi ne ɓangaren memori da fankishin yake ajiye kayansa na wucin gadi, sai wasu biyu da suke debe wata lamba babba daga ciki. Yace ka ga wannan lambar, ita ce girman jerin da aka buɗe a cikin fankishin ɗin, duk lokacin da aka kira shi sai sitak ya gangaro ƙasa da wannan adadin. Sannan ya ɗauki takarda ya zana dogon akwati, yace wannan bayit 2,048 ɗinka ne, daga ƙasa bariyabul ɗin da suke zaune dindindin ne, wato guraben ajiye bayani masu suna, da duk wani rubutu da aka sa a cikin alamar zance, don a wannan cif ɗin ana kwafo su cikin memorin aiki tun a tashin farko, daga sama kuma sitak ne yake gangarowa, to lissafa mun abin da ya rage a tsakiya. Na lissafa, na ga in wannan fankishin ya kira wani, wancan ma ya kira wani, sannan katsewar agogo, wato lokacin da agogon cif ɗin yake tsayar da aiki don a yi wani ɗan aiki daban, ta faɗo a daidai lokacin ta ƙara nata lodin, to sitak ya shiga gonar bariyabul. Yace to me call, umarnin kiran fankishin, take ajiyewa a sitak? Nace adireshin komawa. Yace in wani ya rubuta a kansa fa, ina ret, umarnin komawa, za ta koma? Wallahi a nan na ji tsigar jikina ta tashi, don na ga abin da idona, furosesar ba ta san an ɓata komai ba, ta ɗauki duk abin da ta tarar ta yi tsalle can, ta yi ta yawo har ta faɗo adireshi sifili, wanda a wurinmu sai ya zama kamar an sake kunna ta. Kuma wannan cif ɗin ba shi da wani mai gadin memori da zai tsayar da ita ya ce an yi kuskure.

Gyaran bai ɗau lokaci ba, muka mayar da rubuce-rubucen cikin filash, muka rage girman jerin, na'urar ta zauna daram. Abin da nake so ku lura da shi shi ne ko layi ɗaya na asambili ba mu rubuta ba, da C muka gyara. Karanta shi kawai muka yi, shi ma 'yan layuka.

Bayan 'yan kwanaki oga ya sake kirana, wannan karon a laftof ɗinsa mai Linux. Ya rubuta ɗan fankishin mai jerin haruffa 16, ya kashe kariyar sitak da kwamfaila take sawa, ya cusa masa harafin A masu yawa, manhajar ta faɗi. Ya buɗe gdb, manhajar bin diddigin kuskure, yace duba inda adireshin komawa ya kamata ya kasance, na duba sai ga 41 41 41 41 a jere, wato lambar harafin A kenan a lissafin goma sha shida. Yace to da ba A na sa ba, da adireshin wani kod nawa na sa fa? Nan na fahimci yadda ake ƙwace kwamfutar mutane ta wannan ƙofar, kuma tsohuwar ƙofa ce, muguwar manhajar nan tsutsar Morris da ta rikita intanet a 1988 ɗaya daga cikin hanyoyinta kenan, ta hanyar fankishin ɗin gets wanda ba ya duba tsawon abin da aka ba shi, har dai aka cire shi daga ƙa'idar C a 2011. Gani ya kori ji, duk gargaɗin da na sha karantawa a kan duba tsawon jeri bai shige ni ba kamar waɗannan 41 ɗin.

Daga nan da kaina na koma na nemi asambili, ba wanda ya tura ni. Amma ban koma kan 8086 ba, na zaɓi 6502, tsohuwar furosesar 1975 da aka yi Apple II da ita da kuma na'urar wasan NES, don ita rajistocin aikinta uku ne kawai, A da X da Y, umarninta kuma 56, ana samun masu kwaikwayonta a burauza kana dannawa kana ganin kowane bayit yana canzawa. Daga baya na leƙa RISC-V wanda aka fara a jami'ar Berkeley a 2010, shi kuma tsaf yake, rajista 32, ta farkon kullum sifili ce, ainihin umarninsa wajen 40 ne. Ban rubuta wani abin a zo a gani ba, haɗa lambobin jeri, ƙirga tsawon rubutu, fankishin mai kiran kansa, irin waɗannan dai. Amma abubuwan da suka daɗe suna tsaya mun sai suka riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Foyinta ta zama lamba ce kawai a cikin rajista wadda nake cewa je ki ɗauko abin da ke can. Na gane me yasa jeri yake farawa daga 0, tazara ce daga adireshin farko. Na gane me yasa ba a mayar da adireshin bariyabul na cikin fankishin, don wurin na sitak ne kuma mai zuwa na gaba zai taka shi. Na ga dalilin da 32,767 in ka ƙara mata 1 a bit 16 take komawa -32,768. Hatta b = a ɗin Python na gane adireshi aka kwafa aka bar kayan a inda suke. Darasin da aka ba ni a makaranta shi ne dai wannan, bambancin kawai yanzu ina da tambayoyin.

Akwai kuma wani abu da karatun ya koya mun wanda masu zuga yara ba sa faɗa. Akwai shafin Compiler Explorer da Matt Godbolt ya fara a 2012, kana rubuta C a hagu asambilin yana fitowa a dama, kowane layi da launinsa. Na rubuta luf, wato kod mai maimaita aiki, mai haɗa lambobi daga 1 zuwa n, ba tare da ingantawa ba ya fito kamar yadda zan rubuta da hannuna, ɗauko, haɗa, ajiye, koma. Da na sa -O2, wato umarnin ingantawa, a kwamfailar clang sai luf ɗin ya ɓace ɗungurungum, kwamfailar ta gane lissafin ta maye gurbinsa da ninkawa. Rabawa da 10 kuma ta mayar da shi ninkawa da wata doguwar lamba da gocewar bit, don rabawa tana da tsada a furosesa. Tun ranar na san cewa a aikin yau da kullum mutum ba zai riƙa cin kwamfaila da hannu ba, sai a wurare ƙalilan kuma sai gwanaye. Saboda haka duk wanda yace maka koyi asambili don manhajarka ta fi sauri, ka tambaye shi yaushe rabon da ya auna.

Na san hujjojin da ake kawowa kuma gaskiya ne. Manhajar da ta sauke Apollo 11 a duniyar wata a 1969 da asambili aka rubuta ta, Margaret Hamilton tana cikin jagororin aikin, kwamfutar kuma memorin aikinta kalma 2,048 ne. Chris Sawyer ya rubuta wasan RollerCoaster Tycoon na 1999 kusan gaba ɗaya da asambilin x86. Har yau FFmpeg da ke bayan bidiyoyin da muke kallo yana da sassan da aka rubuta da hannu, OpenSSL mai ɓoye bayanai a intanet ma haka, Linux ma tana da shi a wurin tashi da wurin sauya aiki daga wata manhaja zuwa wata. Ina girmama waɗannan mutanen matuƙa. Amma su matsi ne ya kai su ko kuma wata buƙata takamaimai. Sannan masu cewa asambili shi ne ƙasan ƙasa, shi ma ba haka ba ne, tun Pentium Pro na 1995 furosesocin Intel suke farfasa umarnin x86 zuwa wasu ƙanana a ciki suna gudanar da su ba a jeren da ka rubuta ba, a ƙarƙashin wannan kuma akwai ƙofofin lantarki, a ƙarƙashinsu taransista. In dai sai an fara daga ƙasa ne to ba a san inda za a tsaya ba. Ga shi kuma ba yare ɗaya ba ne, na laftof ɗinka mai x86 daban, na wayarka mai ARM daban, Apple ma ta bar Intel ta koma nata M1 a 2020, wanda ya rubuta Python ko C bai ji komai ba sosai, wanda ya rubuta da hannu kuwa sai sabon aiki.

Abin da ya fi ɓata mun rai shi ne yadda wasu suke amfani da wannan maganar suna kashe wa masu koyo gwiwa. Akwai wata ƙanwarmu da take koyo a wurina, ta haɗa ɗan shafinta da JavaScript yana aiki tana ta murna, wani ya ce mata wai wannan wasan yara ne, in ba ta san rajista ba ba ta san komai ba. Ta zo mun jiki a sanyaye tace yaya ko dai in ajiye wannan in koma can? Nace mata a'a, ci gaba da abinki, ranar da kika zo mun da tambayar da amsarta take can ƙasa ni da kaina zan buɗe miki. Kuma ranar ta zo, bayan ta shiga C ta rubuta fankishin mai kiran kansa ba ta sa masa wurin tsayawa ba ya faɗi, tace wai me ya cika ne har ya faɗi? Muka zauna da gdb, tana danna stepi mai tafiya umarni ɗaya-ɗaya tana kallon rsp, rajistar da take nuna inda sitak ya tsaya, yana raguwa duk kira ɗaya, ba ta buƙaci dogon bayani ba.

Yadda nake yi da duk wanda ya biyo ta hannuna kenan yanzu. Ya fara da yare mai sauƙin shiga, Python ko JavaScript, ya gina abubuwan da shi kansa zai yi amfani da su har hannunsa ya faɗa, ya koyi git mai adana tarihin canje-canjen kod, ya koyi gwada kod ɗinsa. Tun yana Python ɗin nakan nuna masa dis, kayan aikin Python mai kwance kod, don ya ga ko nan ma akwai wasu ƙananan umarni a ƙarƙashi, duk da dai na injin Python ne ba na furosesa ba. Sai ya ɗan taɓa C har foyinta ta fara ba shi ciwon kai, to a daidai nan nake kawo asambili, 'yan makonni kawai ba shekara ba. Abin da nake so ya fita da shi bai da yawa, ya san rajista da memori, ya san me call da ret suke yi da sitak, ya san a Linux mai bit 64 a kan x86 abin da aka miƙa wa fankishin yana shiga ta rdi da rsi da rdx amsa kuma ta fito ta rax, ya ga xor eax, eax ya san sifili ake sawa, ya iya kallon layi ashirin ya ce wannan luf ne wannan kuma if ne. Ya rubuta 'yan ƙanana da hannunsa don karatun ya zauna, shi kenan ya koma aikinsa.

Amma fa ba kowa ne buƙatarsa ɗaya ba. In burinka ƙananan na'urori ne irin nawa, ko tsaron intanet da binciken muggan manhajoji inda ba wanda zai ba ka kod ɗin asali sai dai ka buɗe fayil ɗin da Ghidra mai kwance manhaja, wanda hukumar NSA ta Amurka ta saki kyauta a 2019, ko kana so ka yi aikin kwamfaila ko cikin Linux kanta, to kai kam da wuri za ka shige shi kuma da zurfi, ba 'yan makonni ba. In kuma shafukan intanet kake ginawa ko nazarin bayanai, zan faɗa maka gaskiya za ka iya yin shekaru kana aiki mai kyau ba ka buƙace shi ba, SQL na tambayar rumbun bayanai da yadda HTTP, ƙa'idar sadarwar shafukan intanet, yake aiki sun fi gaggawa a wurinka, duk da haka ina so wata rana ka ware masa lokaci, ballantana yanzu da mutane suke karɓar kod daga manhajojin AI suna liƙawa, ranar da abin ya faɗi ta inda ba a zata ba wanda ya san me ke gudana a ƙasa shi ake nema. Akwai kuma yaron da tun ranar farko shi abin da yake burge shi kenan, yana so ya ga bit yana juyawa, wannan kar a hana shi, a ba shi mai kwaikwayon 6502 a ƙyale shi ya more, sha'awarsa za ta ɗauke shi inda tilas ba za ta kai wani ba.

Masu tambaya da wanne za su fara in lokacin ya yi, in kana da Arduino a hannu fara da na AVR, wato dangin cif ɗin da ke kansa, tunda kana iya kunna ƙwan fitila da shi ka gani da idonka, in ba ka da shi RISC-V a mai kwaikwayo ya fi sauƙin shiga kai, sannan ka dawo kan x86-64 don karatu kawai, tunda shi ne gdb zai nuna maka a yawancin laftof ranar da manhajarka ta faɗi.